Hoton da Mama ta Tafi da Shi

Abin da Mama ta roƙa bai taka kara ya karya ba. Hoto ɗaya take so, ita da ƙawayenta biyu, Ungozoma da Mai Ɗinki, waɗanda suka tsufa tare a kan benci ɗaya a gaban coci. Washegari Litinin ɗanta zai zo ya ɗauke ta zuwa garin da yake aiki, can za ta zauna ke nan, kuma a irin shekarunsu ba a cika ɗaukar alkawarin sake haɗuwa ba. 'Yarta, Malama, ta riga ta tsara abin a ranta: in an tashi daga sujada sai a tsayar da su ukun a bakin ƙofa, ta ɗauke su da wayarta, a koma gida a ci abinci, a kishingiɗa, da yamma a ɗan taka zuwa ƙarshen layi a dawo, kamar kowace Lahadi.

Kuskuren Malama ɗaya ne. Ta faɗi wannan a gaban mijinta.

A unguwa ana ce masa Na-Sani, domin babu wanda ya taɓa ƙarasa magana a gabansa. Akawu ne a wani kamfanin fenti, amma wannan aikin ofis ne kawai. A gida shi ne injiniya, shi ne likita, shi ne lauya. Shi ya gyara fankar falo, tun daga ranar take hura wa silin iska. Shi ya sa wa tankin ruwa sabon famfo, maƙwabta suka sha wanka ta taga. Kwanan nan kuma ya shigo da kyamara daga kasuwar gwanjo, da mariƙinta mai ƙafa uku wanda ƙafarsa ɗaya take zamewa ko tari aka yi kusa da ita, da wata falmaran mai aljihu ko'ina, har a gadon baya.

"Da waya?" ya ce, ya dire kofin shayinsa. "Da waya, Malama? Kuma da rana tsaka? So kike Mama ta tafi da hoton da idanun mutane za su fito kamar ramin ɓera?"

"Hoto ne kawai, Baban yara. Su uku ne."

"Babu wani abu wai shi hoto kawai. Hoto haske ne. Haske kuwa ba ya yin kyau sai rana ta zo faɗuwa." Ya miƙe tsaye, don ba ya iya bayani a zaune. "Akwai wani wuri a kan madatsar ruwa. In ka hau ka dubi tsallake, ga itatuwa biyu a tsaye kamar an auna. Rana tana sauka daidai tsakaninsu, a hankali, kamar ana zuba kwaiduwa a kofi. Da idona na gani, farkon shekarar nan. Nan zan tsayar da Mama. Hoton da zan yi yau, in aka rataye shi, baƙo sai ya cire takalmi kafin ya kalla."

Malama labarin ƙasa take koyarwa a sakandaren 'yan mata, kuma ko a aji ba ta saba ɗaga murya ba. Ta ce, "Farkon shekara ka ce? Ai yanzu mun kai tsakiyarta. Wurin da rana take faɗuwa yana..."

"Na sani."

"Ina nufin ba kullum take..."

"Na sani, Malama. Yamma. Ɗan aji ɗaya ma ya san wannan. Ki riƙe taswirarki, ki bar mini sararin sama."

Mama tana gefe da nata kofin. Tun da aka yi auren nan ba ta taɓa musa wa surukinta ba. In ya fara, sai ta sunkuyar da kai ta shiga gyara bakin zanenta a kan gwiwa. Ranar ma haka ta yi, ta shafa shi har ya miƙe kamar an goge.

Na-Sani ya shiga coci da falmaran a kan kayan Lahadi, mariƙin a kafaɗa kamar mafarauci ya saɓo bindiga. Kafin ya kai wurin zamansa ya tuge wa wata mata ɗankwali, da ya juya zai ba ta haƙuri kuma ɗaya ƙarshen ya kwashe littattafan waƙa daga kan tebur. Lokacin wa'azi ya haɗa yatsunsa ya yi taga, ya kanne ido ɗaya yana leƙen Fasto ta ciki, har bawan Allah ya shafa haɓarsa ko wani abu ne ya maƙale. Da aka ce kowa ya yi addu'a a zuciyarsa, coci ya yi tsit, sai wani farin haske ya walƙa daga tsakiyar benci, wani jariri ya tsala ihu. Malama ba ta buɗe ido ba. Ta san kyamarar mijinta ce, gwiwarsa ya ɗauka.

Fasto ya sanar da tafiyar Mama, ya sa aka yi mata addu'a. Daga inda take, Malama ta hango Ungozoma da Mai Ɗinki sun riƙe wa Mama hannu, kowacce ta nata gefen, kuma ba su sake ba har bayan an ce amin. Sai Fasto ya yi tambayar da yake yi kowane mako ba don a amsa ba.

"Ko akwai wata sanarwar da ta rage?"

Na-Sani ya miƙe.

"Jama'ar Allah, ina roƙon kada kowa ya wahalar da wayarsa yau. Hoton bankwanan Mama yana hannun ƙwararre. Duk mai son ya ga yadda ake kama rana da hannu, mu haɗu a ƙofar gidana da yamma, mu taka zuwa madatsar ruwa. Ba nisa. Lahadi mai zuwa kuma, in Fasto ya yarda, zan kawo babba a rataye a nan, kusa da agogo."

"Wane ne ƙwararren?" wani ya tambaya daga cikin mawaƙa.

"Ya iso, ko yana hanya?" in ji na kusa da shi.

Da aka tashi, Malama ta yi sauri. Ta jera tsofaffin uku a inuwar ƙofa, ta zaro waya daga jaka. Har sun gyara tsayuwa, Mai Ɗinki ta jingine sandarta a bango don kada ta fito a hoto. Sai falmaran ta cika gaban wayar, aljihu bisa aljihu.

"Haba, Malama! Za ki ƙarar musu da murmushi tun da rana? Fuska in aka ɗauke ta sau ɗaya ta gaji ke nan, sai gobe."

"Ɗan nan, matsa," in ji Ungozoma. Ita ta karɓi haihuwar rabin mutanen cocin, har da shi, kuma ba ta bari kowa ya manta. "Fuskar nan ta daɗe tana murmushi bai ƙare ba, sai yau?"

"Gwaggo, wannan ilimin haske ne."

"Ilimin haske! Ni na fara nuna maka haske, da fitilar hannu. Ko ranar sai da ka sa muka yi ta jira, da ka tashi zuwa kuma ka zo ta mazaunai."

Aka kwashe da dariya. Shi ma ya yi, don ya ɗauka yabo ne. Malama ta dubi Mama. Da Mama za ta ce uffan, da an ɗauka an gama. Amma jama'a sun taru, ga suruki a tsaye da hannuwa a buɗe, Mama ta sunkuyar da kai.

"Bar shi, 'yar nan. Allah ya kai mu yamma."

Malama ta mayar da wayar cikin jaka, ba don ranta ya so ba.

Babu wanda ya runtsa a gidan da rana. Na-Sani ya cire firji ya sa cajin batir. Ya goge idon kyamara da sabon ɗankwalin Malama. Ya sa Mama ta canja zanen da ta zaɓa, wai launinsa zai yi faɗa da sararin sama. Da rana ta yi sanyi kuwa ƙofar gidan ta cika: mawaƙa, maƙwabta, har da waɗanda ba 'yan cocin ba, da Fasto da laimarsa, shi kam don Mama ya zo. Sauran sun ga ranar fanka, sun ga ranar tanki, babu mai son a ba shi labarin wannan.

Hanyar madatsa miƙaƙƙiya ce, kwalta har bakin ruwa. Na-Sani ya ce wannan hanyar baƙi ce, shi ya san yanke. Ya bi da su ta bayan shagunan kafintoci, suka tsallake kwata, suka ratsa wani fili da ake zubar da ɓaraguzan gini, tsofaffi suna tattare zane suna neman wurin sa ƙafa. Shi yana gaba yana yi wa iska bayani. Sai ga katanga, doguwa, shuɗiya, ta tare hanya daga nan har can.

"Wannan katangar ba ta nan," ya ce.

"Ga ta kuwa," in ji Ungozoma.

"Ina nufin ba a kan ƙa'ida take ba."

"To yi mata bayani, ƙila ta matsa."

Ya dafa katangar ya ce ko fentin ma na banza ne, ba na kamfaninsu ba. Fentin bai bushe ba. Ya goge tafinsa a ƙirjin falmaran, ya ce a juya, dama ya so ya nuna musu unguwar ne.

Suka sake ratsa ɓaraguzai, suka sake tsallake kwata, suka fito kan kwalta daidai wurin wankin mota, inda in ka waiga kana hango ƙofar gidan da suka baro. Nan gwiwar Mai Ɗinki ta ce ba ta san zancen ba. Ta lallaɓa ta zauna a kan bencin masu jiran mota, ta miƙe ƙafa, ta ɗora sandar a cinya.

"Iyakata ke nan," ta ce. "Ku je. In rana ta matsu da ganina, ta san hanya."

Malama ta matsa kusa da mijinta, ta yi ƙasa da murya. "Baban yara, mu ɗauka a nan. Ga su ukun, ga haske."

"A nan? Da bokiti da tsumma? Hoton da za a rataye a coci?"

"Ai abin da Mama ta ce shi ne su..."

"Na sani. Zan manna ta daga baya da kwamfuta. Babu wanda zai gane."

"In za ka manna ni," in ji Mai Ɗinki, "ka sa mini gwiwar wata."

Mama ta tsaya a bakin kwalta. Ta dubi ƙawarta, ta dubi jama'ar da suka baro gidajensu da sunanta. Mai Ɗinki ta kaɗa mata hannu, alamar ta je. Aka wuce. Malama ta lura Mama tana ta waiwaye har suka sha kwana.

Hawan matakalar madatsa ya ci sauran numfashin tsofaffin. Fasto ya riƙe Mama, Malama ta riƙe Ungozoma, wadda kowane hawa sai ta ambaci wani ciwo ta jingina shi ga ɗan da ta karɓa da hannunta. Amma a sama wurin ya yi kyau, wannan kam gaskiya ne. Ruwa a kwance, iska tana kaɗawa, fararen tsuntsaye suna komawa gida, mutane biyu-biyu suna 'yar tafiyarsu ba mai damun wani. Wani mai kamun kifi yana zaune a ƙasa da ƙugiyarsa. Malama ta yi tunanin irin Lahadin da aka ƙwace mata, ta haɗiye.

Ga itatuwan nan biyu a tsallake, a tsaye kamar an auna, yadda ya faɗa. Tsakaninsu kuwa babu komai sai sarari. Rana tana can dama da nisa, ta nufi bayan wani ƙaton sito mai rufin kwano.

Na-Sani ya dubi itatuwan. Ya dubi rana. Ya dubi agogonsa, ya kaɗa shi, ya kai kunne.

"Ina kofin?" in ji wani mawaƙi. "Mun ga kwaiduwar."

"Ku kwantar da hankalinku. Za ta karkato. Haka take yi, sai ta zo dab sannan ta sha kwana."

Aka jira. Ya kafa mariƙi, ya ɗora kyamara, ya auna tsakanin itatuwan, ya tsaya da hannu a ƙugu kamar mai jiran ma'aikacin da ya makara. Rana ta ci gaba da tafiyarta zuwa sito.

"Yi mata fito," in ji Ungozoma. "Ƙila ba ta gan ka ba."

"Ɗan'uwa," in ji Fasto a hankali, "a iya saninmu mutum ɗaya ne ya taɓa tsayar da rana, kuma shi ma roƙo ya yi."

Na-Sani ya juyo kan matarsa. "Malama, me ke faruwa? An matsar da itatuwan nan ne?"

"Ba a matsar da su ba. Wurin faɗuwar rana yana sauyawa cikin shekara. Inda ka gan ta farkon shekara ba nan za ka same ta yanzu ba."

"Ke da kike koyar da abin nan, me ya hana ki faɗa mini?"

"Na fara, da safe."

"Na sani," ya ce. Bai lura da abin da ya fito daga bakinsa ba, amma mawaƙa sun lura, ɗaya har sai da ya durƙusa.

Ba a daɗe ba Na-Sani ya sake shawara. In rana ba za ta zo wurin itatuwa ba, za a kai itatuwa wurin rana. Sai a yi hagu, a yi ta yin hagu, har su saitu. Ya saɓi mariƙi da kyamarar a kai, ya zura da sassarfa a kan madatsa yana kiran a biyo shi, a yi sauri, haske ba ya jira. Jama'a suka bi, tsofaffi a baya. Masu tafiyarsu biyu-biyu suka tsaya kallo, wasu suka shiga sahu ba su san inda za a ba. Sai da ya kai ƙarshen hanya ya gangara kan ciyawa, kusa da bakin ruwa inda laka take, sannan ya samu rana ta leƙo ta gefen itace ɗaya. Ba tsakani ba, amma ya ce haka ma ya fi.

Aka sauko da Mama da Ungozoma a kan gangaren, ana riƙe da su. Ya kafa mariƙin a sama da su, ƙafa biyu a kan ciyawa, mai zamewar a kan wani dutse. Ya sa suka ba rana baya. Ya leƙa.

"Kun yi baƙi. Me ya sa kuka yi baƙi?"

"Haka Allah ya yi mu," in ji Ungozoma.

"A'a, fuskarku ba ta fito ba sam. Ku juyo ku fuskanci rana."

Suka juya. Ya ɗauke mariƙi ya zagaya, ya sake kafawa. Rana ta soki idanun tsofaffi, hawaye ya zubo.

"Yanzu kuma ranar ba ta cikin hoton. Ku koma yadda kuke. Gwaggo, buɗe ido. Mama, a ɗan ɗaga haɓa. A'a, a sauke. Ku matsa hagu. Hagunku, ba nawa ba."

"Ɗan nan, ko nama ne mu ai mun gasu ta kowane gefe."

Kafin ya mayar da mariƙin wurinsa na farko, rabin rana ya riga ya nutse. Malama ta sa hannu cikin jaka ta taɓa wayar, ta dubi gurbin da ke gefen Mama, inda mutum ɗaya ya kamata ya tsaya, ta janye hannun. Shi ma ya ga gurbin, amma abin da ya gani daban.

"Hoton ya karkace. Akwai rami a dama. Dole mutum ya cike shi." Ya gyara falmaran. "Ni zan shiga. Kyamarar nan tana ƙirge da kanta. In na danna, zan zagayo in tsaya, ita za ta yi sauran. Ku zuba ido, jama'a, wannan ba a waya ake samunsa ba."

Ya danna. Wata 'yar jar fitila ta fara ƙiftawa. Ya zabura zai zagaya, takalminsa na coci ya taka ɗanyar ciyawa, ɗayan ya harɗe ƙafar nan mai zamewa. Ya miƙa hannu ya kama iska, iska ba ta riƙe shi ba. Ya zauna daɓas, ya fara gangarawa, da farko a hankali kamar mai tunani, daga baya da gaske, ƙafafu a sama, aljihuna suna zubar da kayansu, ya wuce Mama, ya wuce Ungozoma da ta janye zanenta ta ba shi hanya, ya wuce mai kamun kifi, ya shige laka har ƙugu. Fararen tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya.

A sama mariƙin ya durƙusa a kan ƙafar da ta zame. Kyamara ta karkata tana ƙyas, ƙyas, ƙyas ba tsayawa. Fasto ya jefar da laima ya cafe ta kafin ta kai ƙasa. Da kowa ya ɗago, rana ta tafi.

"Ka kore mini kifi," in ji mai ƙugiya.

"Kada kowa ya taɓa kyamarar!" Na-Sani ya yi ihu daga ƙasa. "Tana da saiti!"

Babu wanda ya saurare shi, kuma babu wanda ya yi hanzarin ciro shi. Duk aka taru a kan Fasto, kai bisa kai, wani mawaƙi yana danna hotunan ɗaya bayan ɗaya. Ungozoma ta sa tabarau, ta shiga sanar wa waɗanda ke baya.

"Wannan gwiwa ce, a coci. Wannan wasu baƙaƙen tulu biyu ne, ina jin mu ne. Wannan sama. Wannan ma sama. Wannan tafin takalmi. Kai, wannan ya fito! Fasto, wannan za a rataye kusa da agogo?"

"Mene ne? Mene ne?" ana tambaya daga baya.

"Inda na fara gani ranar da aka haife shi."

Dariya ta kece a kan madatsa, har waɗanda ba su san kowa ba suna riƙe ciki. Fasto ya yi ƙoƙarin haɗe fuska, abin ya gagara, ya juya ya ba jama'a baya kafaɗunsa suna rawa. Daga ƙarshe mai kamun kifi ya miƙa wa Na-Sani gorarsa, aka jawo shi. Laka ta sake shi da wani sauti mara daɗi, ta riƙe takalmi ɗaya.

"Ƙasar wurin nan ba a yi ta daidai ba," ya ce yana haki. "Da ni na..."

Mama kaɗai ba ta yi dariya ba. Tana tsaye inda aka ajiye ta, cikin zanen da ba ita ta zaɓa ba, tana kallon jan da ya rage a sama. Ta juya wajen 'yarta.

"Mu tafi. Mun bar mutum a hanya."

Ta kwalta aka koma, babu wanda ya nemi yanke. Na-Sani yana baya, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya da safa, yana ɗingishi yana ɗiga, yana bayyana wa duk wanda ya yi sake ya matso cewa masu gwanjo sun cuce shi a mariƙi. Mutane suka fito ƙofar shaguna. Wani mai babur ya rage gudu, ya dube shi sama da ƙasa, ya ƙara mai.

Mai Ɗinki tana nan a kan bencinta. Zaman bai tafi a banza ba, don ba ta rabo da allura: ta ɗinke wa mai wankin mota aljihun rigarsa da ya yage, suna ta hira. Ta ɗago ta ga ayarin, ta ga na ƙarshensa.

"An kamo ranar?" ta ce. "Ko ita ta kama shi?"

Malama ta tsaya a gaban mijinta. Ba ta ɗaga murya ba. "Baban yara, ba za ka shigar mini falo a haka ba."

"Kawo shi, Malama," in ji mai wankin mota, ya jawo tiyo. "Na wanke tifa ma da ta fi wannan. Oga, tsaya can inda motoci ke tsayawa. Buɗe hannu."

Duhu ya fara, aka kunna doguwar farar fitilar da ke saman rumfar. Mama ba ta tambayi kowa ba. Ta je ta zauna a tsakiyar benci, ta jawo Ungozoma ta zaunar a hagunta, ta kama hannun Mai Ɗinki a damanta. Mai Ɗinki ta tura sandarta ƙarƙashin benci.

"'Yar nan, fito da wayar nan."

Malama ta fito da ita.

"Kada ki ɗauka!" Na-Sani ya ƙwala daga baya, ruwa yana dukan ƙirjinsa. "Hasken nan bai dace ba! Zai sa su yi fari fat! Ku bari gobe da asuba in..."

"Oga, rufe baki, zan wanke wuya."

"Na sa..."

Ruwa ya cika bakin. A iya zaman aurensu, Malama ba ta taɓa jin an katse shi ba sai ranar. Tsofaffin uku suka fashe da dariya a tare, har Mama, wadda ta jefa kai baya ta manta da rufe baki. Malama ta danna.

Aka miƙa wayar hannu zuwa hannu. Hasken bai dace ba, gaskiyarsa. Ga bokiti a gefe, ga tsumma a rataye. Amma ga su nan su uku, fuska tar, hannu cikin hannu, kowacce ana ganin haƙoran da suka rage mata. Can baya kuma, ta saman kafaɗar Ungozoma, ga wani mutum a tsaye a wurin motoci, hannuwa a buɗe, takalmi ɗaya, shatin tafin hannu shuɗi a ƙirji, ruwa yana shiga bakinsa.

Mama ta daɗe tana kallo. Ta shafa fuskar wayar da babban yatsa, ta gefen Mai Ɗinki, ta gefen Ungozoma.

"Gobe da safe zan kai a wanke, kafin Yaya ya iso," in ji Malama. Ta ɗan yi jim, ta rage murya. "Na bayan nan ana iya yanke shi, Mama. Ba wuya."

Mama ta dubi surukinta, wanda ke tsaye yana karkarwa yana yi wa mai wankin mota bayanin yadda ake riƙe tiyo. Hannunta ya tafi bakin zane kamar kullum, sai ta fasa, ta bar shi a yamutse.

"A'a, bar shi," ta ce. "In na je can aka tambaye ni yadda na iya rabuwa da garin nan, sai in nuna musu."